Littafin da Muka Raba Biyar

Lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci, 'yan biyuna sun riga sun kere ni tsawo. A Ridina muke zaune, unguwar da in maƙwabciyarki na yanka albasa ke ce za ki fara hawaye. Ajin namu ba na gwamnati ba ne. Wata baiwar Allah ce 'yar Damagaram, aure ya kawo ta Injamena, ta zauna ta lura da mu. A gida Hausa muke yi, a kasuwa Larabci, yara su dawo daga lekol, wato makarantar boko, da Faransanci a baki, amma duk cikin ukun nan babu wanda za mu iya ɗora wa takarda. Ta ce mu fara da wanda muka sha a nono. Malama muke ce mata, har yau ma haka.

Wurin zama ne ya fi ba mu wahala. Mun fara a zauren wani tela, da ya ƙaro keke sai muka tashi. Muka koma barandar wata mata, damina ta kore mu. A ƙarshe Hajiya ta ce mu zo gidanta. Hajiya tsohuwa ce mai haɗa turaren wuta, kuma duk layinmu tsakar gidanta kaɗai ke da filin shimfiɗa tabarma biyu, ga dalbejiya a tsakiya tana ba da inuwa. Daga ƙofarmu zuwa tata taku kaɗan ne. Ba don haka ba da ban iya zuwa ba, don gidan Malama can yake ƙarshen gari, ni kuwa ba mai barin gida da la'asar ba ce in yi nisa. Hajiya da kanta ta zama ɗaliba. Tana rubutu manya-manya, tana ganewa sarai, amma ba ta taɓa yarda ta yi karatu da ƙarfi a gabanmu ba. In layi ya zo kanta sai ta ce idonta na ruwa.

Bayan shekara biyu mu biyar muka rage. Akwai ni da Hajiya. Akwai matar wani mahauci da ke tahowa tun daga Farcha a bayan babur, bakinta ba ya hutawa. Akwai mai ƙosai ta bakin layinmu, wadda kome aka ce sai ta ce Allah sarki. Sai Amarya, 'yar gidan wasu 'yan kasuwa a Klemat, wadda ta yi shekara uku da aure amma sunan ya ƙi sakinta.

Wata bazara ƙanwar Malama ta haihu a Damagaram, za ta je suna ta yi kwana goma sha huɗu. Ranar da za ta tafi ta ciro wani littafi daga jaka ta miƙo mini.

"Uwar biyu, ke ce mai haƙurin cikinsu," in ji ta. "Kun gaji da littafin koyo, ga na manya. Labari ne na kisan kai da bincike. Ku karanta kafin in dawo, kowacce ta gaya mini ra'ayinta a kan mutumin da ke ciki."

A bangon an zana wani mutum ya juya baya, da jaka a kafaɗa, hanya ta miƙe a gabansa. Yana da suna a littafin, amma mu tun ranar farko Mai Jaka muke ce masa. Sana'arsa gyaran keken ɗinki. Ba shi da gida, ba shi da mata, ba ya wuce mako guda a gari.

Washegari na zauna na fara karanta musu. Ni a lokacin in kalma ta yi tsawo sai na tsaya na lallaɓa ta, kamar mai tsallake kwata. Har aka kira magariba shafi uku muka ci. Matar mahauci ta karɓi littafin ta auna kaurinsa da yatsa.

"A haka," ta ce, "sai jaririn da Malama ta je suna ya yi gemu."

Muka yi dariya, amma gaskiya ta faɗa. Hajiya ce ta kawo mafita, ina so a riƙe wannan, don daga baya ta so ta manta.

"Ku yaran yanzu ba ku da dabara," ta ce. "Ba ku ga yadda ake yi ranar sauka ba? A raba wa malamai, kowa ya ɗauki nasa, kafin azahar an gama. Ba haɗa su nake ba, Allah ya tsare ni, rabon kawai nake faɗa. A raba shi biyar, kowacce ta tafi da nata gida."

Babu wadda ta ga aibu a ciki. Mu duka mun tashi muna ganin ana haka, kuma ba wadda ta taɓa karanta littafin labari daga farko har ƙarshe balle ta san bambancin. Ni aka ba amana, ni na sa reza na bi ta wajen ɗinkin a hankali na fitar da kashi biyar. Muka ce Hajiya ta fara zaɓa, ita ce babba. Ta ɗaɗɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta ɗauki mafi sirantaka saboda idonta, ashe na huɗu ne. Amarya ta ɗauki na farko don shi ke da bango mai hoto. Matar mahauci na biyu, ni na uku, mai ƙosai na ƙarshe. Muka yi alkawarin haɗuwa bayan mako guda.

Makon nan na ji daɗinsa ƙwarai. Da hantsi in na gama shara sai in zauna bakin ƙofar ɗaki in buɗe rabona. Ban san yadda Mai Jaka ya shigo garin ba, na dai same shi zaune a gidan wata mata mai takaba, mijinta mai gadin wani sito ne aka kashe. Ya kwance mata kekenta da ya daɗe a tsaye, yana goge ƙarafunan ɗaya-ɗaya, ita kuma tana ba shi labarin mijin. Ba ya katse ta. In ta yi kuka sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa har ta gama. Na ce a raina wannan mutum ya san zama da mutane. Akwai wasu makullai da ya fito da su ya nuna mata, ta ce duk ta san su in ban da ɗaya, amma ban damu da wannan wurin ba, na wuce.

Ranar haɗuwa na yi karkanji mai sanyi, wato zoɓo, na tafi da shi a kula. Muka zauna ƙarƙashin dalbejiya, kowacce da takardunta a cinya. Na ce Amarya ta fara, tunda na farko ke hannunta.

"Ɓarawo ne," ta ce kai tsaye.

"Wa?" na ce.

"Mai Jaka mana. Ya sauka a tasha, ya ga taro, ya kutsa. Gawar mai gadi a kwance, mutane na salati, shi kuwa ya sunkuya kamar zai gyara takalmi ya sace makullan mamacin. Ko a kantin babanmu, in irinsa ya shigo idona na kan hannunsa."

"Ke Amarya, wane ɓarawo?" in ji matar mahauci. "Ɓarawo ai yana da zuciyar nema. Wannan cima-zaune ne. Ya samu wata tsohuwa mai fura ya liƙe mata, safe fura, rana fura, yana zaune bakin rumfa yana jan mutane da hira. Wannan ya ce masa daga gabas yake, wancan ya ce masa daga kudu. Wallahi irin ƙanin mijina ne sak, sai dai shi wannan ya fi shi iya ƙarya."

Mai ƙosai ta dafe ƙirji. "Allah sarki! Ku ji tsoron Allah. Bawan Allahn da gari guda ya fito yana yi wa godiya? Har da mai unguwa. Wani saurayi da aka sako daga kurkuku ya rungume ƙafarsa yana kuka. Ni na ɗauka ma waliyyi ne."

"Godiyar me suke masa?" in ji matar mahauci.

"Oho. Ba a faɗa a nawa ba."

"To waliyyin fura ke nan."

Na ce musu ni dai mutumin da na gani mai tausayi ne, na ba su labarin matar mai takaba da kekenta. Matar mahauci ta kanne ido ta ce, "Uwar biyu, ke kowa na kirki ne a wajenki. Namiji ya gyara wa bazawara keke kyauta, ki ce tausayi?" Amarya ta ƙyalƙyale har ta ƙware da karkanji.

Duk wannan Hajiya na gefe tana jinmu. Sai da muka lafa na lura ko kofinta ba ta taɓa ba. Ta ɗaga takardunta da yatsa biyu kamar ta tsinci wani abu a bola.

"Kun gama?" ta ce. "To ni bari in gaya muku abin da na kwana bakwai ina haɗa baƙi a kansa. Ranar Juma'a, mutane na masallaci, wannan ɗan banza ya buɗe sito na mutane ya shiga. Ya samu wani bawan Allah a ciki, ya murɗe masa hannu har ya karye. Ya ɗaure shi da igiyar buhu ya ja shi waje. Sannan ya ƙyasta ashana ya cinna wa kayan mutane wuta, ya tsaya yana kallo. Ranar Juma'a! Ko masallacin bai leƙa ba. Wannan ne karatun da na ba da tsakar gidana a yi?"

"Hajiya, ai labari ne," in ji Amarya a hankali.

"Labari ne ya sa na tsufa ina koyon a da ba? Don in karanta yadda ake karya hannu? Jikokina na shiga gidan nan. In Malama ta dawo ku nemi wani wuri. Kalas."

In Hajiya ta rufe magana da kalmar nan ta Larabci, to an gama. Ta tashi da takardunta ta shige ɗaki, muna jin tana cewa da su za ta hura kasko.

Na koma gida. Abu biyu ke damuna. Littafin amana ne, ni na tsaga shi, ga kashi ɗaya zai shiga wuta. Wanda ya fi wannan kuwa, in aka tashe mu daga gidan Hajiya ajin zai koma gidan Malama, ni kuma karatuna ya ƙare ke nan, daidai lokacin da na fara jin zaƙinsa. Ina tankaɗe gari ina ta juya maganganunsu, sai makullan nan suka faɗo mini. Amarya ta ce ya sace makullai. A nawa ya nuna wa matar mamacin makullai, ɗaya ba ta san shi ba. A na Hajiya ya buɗe sito. Na ajiye rariya. Ashe makullan nan guda ne suke tafiya daga hannun wannan zuwa na waccan, mu kuma kowacce ta riƙe guntunta tana rantsuwa. Sai a lokacin na gane ɓarnar da muka yi. Kunya ta kama ni ni kaɗai a madafa, sai kuma dariya.

Da safe na je gaishe da Hajiya. Na same ta tana sassaƙa itacen turare. Na zauna na ɗauki wata wuƙa na taya ta har tire ya cika.

"Hajiya, ba roƙo na zo ba," na ce. "Gidanki ne, abin da kika ce shi za a yi. Amma saura kwana biyar Malama ta dawo. Ki bar mu mu ƙarasa abin da muka fara, mu bi shi daga farko, don in ta tambaye mu kada mu ji kunya."

"Har ta dawo tabarmar taku ce," ta ce ba ta ɗago ba. "Amma nawa ba zan bayar ba."

"Kin ƙona shi?"

"Ban samu sukuni ba tukuna."

Na ce to, na gode.

Da la'asar muka hallara. Wannan karon kowacce ita za ta karanta rabonta da ƙarfi, kuma da yake ta riga ta sha wuyarsa a gida, sai karatun ya yi ta gudu. Hajiya ta ja kujerarta can bakin madafa ta ba mu baya, tana ta sassaƙa. Amarya ta fara. Muka ji yadda aka tsinci mai gadi, da yadda 'yan sanda suka kama ƙaninsa, wani ɗan dako, don kawai an ji sun yi cacar baki. Mai ƙosai ta ce, "Allah sarki, ai shi ne saurayin nawa!" Muka ji Mai Jaka ya ɗauke makullan ne saboda ya ga babban yaron mai siton yana laluben gawar da ƙafa, yana neman wani abu. Amarya ta tsaya ta sake karanta wurin. Ta ce ita da ta karanta a gida ba ta kula da ƙafar ba.

"Har yanzu dai sata ce," ta ce, amma muryarta ta yi laushi.

Rana ta biyu matar mahauci ta karɓa. Ita karatunta da wasa take yi, ta yi muryar tsohuwa mai fura, ta yi ta Mai Jaka, har da tari. Yanzu da muka san abin da ya faru, sai muka ga hirar da yake ja a bakin rumfa ba ta banza ba ce, kowa ya zauna sai ya bar masa wani abu game da siton. Aka zo inda ya gyara wa tsohuwar ƙyauren ɗakinta da ya shekara yana jan ƙasa, ya kuma ɗaure mata ƙafar benci. Matar mahauci ta wuce wurin da sauri, don ya ɓata mata hujja.

"Koma baya," muka ji daga bakin madafa.

Muka waiga. Hajiya na nan yadda take, bayanta gare mu.

"Na ce ki koma wajen ƙyauren, 'yar Farcha. Kin haɗiye shi."

Ta koma ta karanta. Can Hajiya ta ce, kamar da itacen take magana, "Wannan kam ya san tafiya." Sai ga shi ta ɗan juyo da kujera tana ba mu labarin kakanta, wanda ya taso da ƙafa daga ƙasar Hausa zai tafi Makka. Ya yi shekaru a hanya, kuma duk gidan da ya sauka ba ya tashi sai ya bar wani abu a gyare, ko danga, ko bakin rijiya. A nan garin ya tsaya don jakinsa ya huta, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, har ya rasu in aka tambaye shi sai ya ce shi a kan hanya yake. Nawa kakan ma haka ya zo, da na mai ƙosai. Muka ɗan jima kowacce na faɗin abin da ta ji a gidansu.

"Amma su sun san inda suka nufa," Hajiya ta ƙara, ta mayar da kujerarta yadda take. "Wannan kuwa gantali ne."

Rana ta uku tawa ce. Na karanta a hankali yadda na saba. Matar mai takaba ta tuna cewa kwana biyu kafin a kashe mijinta ya dawo gida ba ya cin abinci, ya ce mata ya ga abin da bai kamata ya gani ba a ɗakin ciki na siton. A garin kuma yara na ta mutuwa bayan an ba su wani maganin zazzaɓi da ake sayarwa a kasuwa. Da na zo nan sassaƙar Hajiya ta tsaya cak. Rabona ya ƙare daidai inda Mai Jaka ya ɗauki makullin da ba a sani ba ya nufi siton, ana kiran sallar Juma'a.

Na ajiye takardu. Muka dubi juna.

"To sai me?" in ji Amarya.

"Sai na biyar," na ce. Ba zan ɓoye ba, a raina ina fatan wani abu, amma ban ko kalli wajen madafa ba.

Mai ƙosai ta gyara zama ta fara: gari ya taru, mai unguwa na jawabi, an sako ɗan dako.

"Kai, wannan cin tuwo ne ba miya," in ji matar mahauci da ƙarfi. "Amma ya za mu yi? Mai miyar ta hana."

"Ku tsaya!"

Hajiya ta miƙe tana kaɗe zane. Ta shiga ɗaki, muka ji ana jan akwati. Ta fito da takardun, sun sha ƙamshin turare, da tabarau a hancinta. Na miƙa hannu zan karɓa, ta kauce.

"Ke kin san inda ya shiga ta ƙofar baya? Ba ki sani ba. Matsa mini."

Ta zauna a tsakiyarmu ta fara karantawa, ita da shekara biyu idonta ke ruwa. Da farko tana bin layi da yatsa. Da aka buɗe ɗakin ciki aka ga kwalayen maganin jabu jibge a bayan buhunan gyaɗa, sai ta manta da mu. Babban yaron mai siton ya fito da wuƙa, wanda kwana uku da suka wuce take kira bawan Allah.

"Ashe kai ne, la'ananne," ta ce wa takardar. Ta ci gaba. Da aka zo wajen hannun sai ta karanta shi sau biyu.

"Hajiya, a hankali, jikoki na shigowa," in ji matar mahauci.

"Rufe mini baki, ina karatu."

Aka cinna wa kwalayen wuta, mai ƙosai na ta hamdala. Amarya, da ba ta iya barin magana ta wuce, ta ce, "Amma dai Juma'ar ta wuce shi, Hajiya."

Hajiya ta dube ta ta saman tabarau. "Ke ba ki yi islamiyya ba? Matafiyi ne. Juma'a ba ta wajaba a kansa ba."

Dariyar da muka yi ranar, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Hajiya ba ta yi ba, ta dai ninke takardun ta ajiye mini a cinya.

Rana ta huɗu mai ƙosai ta ƙarasa mana. A ƙarshe, ana cikin hidimar godiya, Mai Jaka ya saɓa jakarsa ya bi motar gyaɗa ya bar garin, ba wanda ya yi wa sallama. Rana ta biyar na zauna da allura da zaren lilo na ɗinke littafin. Ya yi ƙiba ta baya, bangon ya ɗan karkace, amma ba shafin da ya ɓace. Duk kwanakin nan Hajiya ba ta sake ta da maganar tashinmu ba, ba ta kuma janye ta ba, ni ma ban tambaya ba.

Malama ta dawo da tsarabar alkaki. Kafin ta zauna na miƙa mata littafin na faɗa mata duk abin da muka yi masa, ban rage ba. Ta juya shi, ta duba ɗinkin, ta sa gefen lafayarta ta rufe baki, kafaɗunta na girgiza. Da ta samu kanta ta ce, "Laifina ne, ban gaya muku ba a bi shi a jere. To, ra'ayi fa?"

Na ɗauka yanzu da muka ji labarin gaba ɗaya bakinmu zai zo ɗaya. Ina! Amarya ta ce ya yi aikin kirki, amma da ita ce matar mai gadi da ta so a tambaye ta kafin a taɓa makullan mijinta. Matar mahauci ta ce jarumi ne, ta yarda, sai dai ba irin wanda za ka ba 'yarka ba, don ranar suna za a neme shi a rasa. Mai ƙosai tana nan kan waliyyinta. Da aka zo kaina na ce ni tausayi yake ba ni. Kowa a garin ya kawo masa damuwarsa ya saurara, amma har littafin ya ƙare ban ga wanda ya tambaye shi ko ya gaji ba.

"Hajiya fa?" in ji Malama.

"Ba shi da tarbiyya," ta ce. "Hannun da ya karya, ya karyu, ban ce kome ba. Amma tsohuwar nan ta ba shi fura kwana shida. Ko wuta ake yi a gari, mutum ya tsaya ya ce wa mai masaukinsa na tafi, a yafe juna. Wanda ya rubuta littafin nan, in kin san shi, ki gaya masa."

Malama ta ce za ta yi ƙoƙari. Abin da ya rage shi ne zancen tashinmu daga gidan. Matar mahauci ce ta taɓo shi, ta kama gefen tabarma kamar za ta naɗe.

"To Hajiya, ga Malama ta dawo. Mu kwashe ne?"

Malama ta dube mu ba ta gane ba. Hajiya ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Me na ce? Na ce in ta dawo ku nemi wani wuri. Kun nema?"

"Ba mu nema ba," na ce.

"To ga irinta nan. Mutanen da ko neman wuri ba su iya ba, in na sake ku ina za ku? Ku zauna kawai, Allah ya haɗa ni da ku." Ta juya wajen Malama. "Ke kuma, a jakar nan taki, alkaki ne kaɗai?"

Malama ta ce akwai wani littafin, amma ya fi wancan kauri, kuma an ce har da harbi a ciki.

"Allah ya kyauta," in ji Hajiya, ta miƙa hannu. "Kawo in fara dubawa, saboda yaran nan."